Yadda za ka haɗa wa ƙaramin jirginka sakatar iska da kayan fulamba

Duk wanda ya taɓa harhaɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa ya san irin wahalar da ake sha kafin a gama wutsiya kaɗai, ribit ɗari bisa ɗari kana bugawa ɗaya bayan ɗaya har kafaɗa ta sage, amma iskar minti biyar ta ishe ta ɓata maka aikin nan kaf in ka faka jirgin a fili ka tafi ba ka ɗaure komai ba. Abubuwa uku ne ke motsi a jikin jirgi waɗanda iska ke samu ta yi wasa da su. Akwai eliron a bayan kowane fiffike, su ke karkatar da jirgi dama ko hagu, akwai elebeta wato ɓangaren wutsiya na kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, sai kuma rada, ɓangaren wutsiya na tsaye da ake juyawa da feda. An yi su ne don iska ta zo musu ta gaba. In jirgi na tsaye iska ta ɓullo ta baya ko ta gefe, sai ka ga rada tana bugawa nan ta buga can kamar ƙyauren langa-langa da aka bari ba sakata, kuma kowane bugu a kan hinji da matsayarta yake ƙarewa, wato ɗan abin da ke tsayar da ita in ta kai ƙarshen juyawa. Sakatar iska ita ce abin da ake sawa ya riƙe waɗannan ɓangarori kada su motsa in jirgi na fake.

Kada ka ce ai ɗan abu ne mara nauyi me iska za ta yi masa. Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, in gudun ya ninka biyu to ƙarfin bugun ninki huɗu yake yi. Iskar da ke gudun kilomita 75 a awa tana danna wajen kilo 27 a kan duk murabba'in mita ɗaya, in ta kai kilomita 110 ana maganar kusan kilo 60, wannan ma dannawa ce kawai ba a sa fizga da bugu a lissafi ba. Fatar radar wasu jiragen RV na kamfanin Van's da ke Oregon a Amurka kaurinta inci 0.016 ne, wajen milimita 0.4 ke nan, da babban yatsa ma za ka iya lotsa ta. In matsayar ta karye sai rada ta zarce ta je ta sami kusurwar elebeta, ita kuma ta huda ta. Kuma jirgin nan ba baƙo ba ne a wajenmu fa, Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi koyon tuƙi da shi daga RV-6A aka samo shi, guda 60, a Kaduna aka harhaɗa su.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, fara zuwa ka tsuguna ka kalli yadda naka jirgin yake, don ba duka suke ɗaya ba. Kama rada da hannu ka kaɗa ta. A Cessna 172 feda tana haɗe da tayar gaba, shi ya sa in jirgin na zaune a kan tayarsa rada ba ta cika yawo ba. A RV mai tayar gaba kuwa tayar sakakkiya ce tana juyawa yadda ta ga dama, babu abin da ya haɗa ta da feda, wayoyin ƙarfe biyu ne kawai suka taso daga fedoji zuwa ƙahon rada, wato ɗan hannun da ya fito dama da hagu a gindinta, waya kuma ja take yi ba ta turi, in ba ƙafa a kan feda to sun saki. Zenith CH 701 nasa daban ne kuma, fedarsa na haɗe da tayar gaba amma wutsiyarsa ta tsaye gaba ɗayanta ce ke juyawa, babu wani tsayayyen ɓangare da za ka maƙale ta da shi ta waje. To ka ga wanda ya kwafo dabarar mai RV ya kai wa 701 ya yi asarar katako.

Mafi yawan mutane abin da suke yi shi ne su ja sandar tuƙi baya su naɗe ta da bel ɗin kujera. Ba laifi in za ka shiga ka sha ruwa ka fito. Amma bel bai san da zaman rada ba sam, ita ce kuma ta fi shan duka, sannan sandar da aka ja baya tana barin elebeta a ɗage, in iska ta juyo ta baya sai ta shiga ƙarƙashinta ta nemi ɗaga wutsiyar, ga ruwan sama da zai riƙa gangarawa cikin hinji. An fi son komai ya tsaya a tsakiya.

Sakatar da na fi yarda da ita ita ce ta cikin jirgi, wadda ke tokare fedoji ta kuma riƙe sanda a lokaci ɗaya. Je shagon masu kayan fulamba ka ce a ba ka fayif ɗin roba na ruwa mai kauri, inci ɗaya, ba siririn nan da masu wayarin ke binnewa a bango ba, wancan lanƙwashewa yake yi. Mita biyu ta isa har da ragowa. Ka haɗo da ti, wato mahaɗin fayif mai siffar harafin T, guda huɗu, murfin toshe baki huɗu, soket mai tiredi mace da namiji, gam ɗin fayif, sai tsohon tif na mashin da ɗan madauri mai ƙarfi irin na jakar goyo. Zarto da samfefa da tef na awo na san akwai su a gida.

Siffar abin kamar harafin H ne da aka kwantar a ƙasan jirgi. Gicciye ɗaya a gaba yana kwance a kan fedoji biyu na gefen matuƙi, gicciye ɗaya a baya yana jingine da wani tsayayyen ƙarfe a gaban kujera, doguwar ƙafa a tsakiya ta haɗa su, daga jikin doguwar ƙafar kuma wani gajeren fayif ya miƙe sama ya tarbi sandar tuƙi.

Awo shi ne aikin gaba ɗaya, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba. Sa wani ya tsaya a baya ya riƙe rada daidai tsakiya, kai kuma ka shiga ka tura fedoji biyun gaba da hannu har ka ji wayoyin sun miƙe, a nan za ka auna daga ƙasan feda zuwa inda za ka jingina. Ƙasan feda na ce, sandar da dunduniya ke turawa, ba saman da ake taka birki ba. In ka tokare birki za ka bar shi a matse kwana da kwanaki ga zafi, ba abin da zai jawo sai yoyon mai. Wajen jinginawa ta baya kuma ka buɗe ido sosai, wurin nan ne bututun mai da makunnin zaɓen tanki da wayoyin lantarki suke bi a jirage da yawa, ko kusa kada fayif ya hau kansu. In a jikin babban ƙashin fiffike za ka jingina, wanda ya ratsa ta ƙarƙashin kujeru, to ka naɗe gicciyen da tif ninki biyu, kada ka kuskura ka huda shi ko ka bari wani abu ya karce shi.

Yanke gicciyen gaba ya ɗan fi faɗin fedoji biyun, ka raba shi biyu ka sa ti a tsakiya. Inda zai zauna a kan kowace feda ka ɗan fafe shi da zarto ka goge da samfefa ya yi lungu, yadda in ya zauna ba zai zame sama ko ƙasa ba, sai ka naɗa tif. Gicciyen baya ma haka, ti a tsakiya, murfi a bakuna. Doguwar ƙafar kashi biyu za ka yi ta, ka sa soket mai tiredin nan a tsakani, shi ne zai ba ka damar murɗawa da hannu ka ƙara tsawo ko ka rage. Ka yanke ta yadda in tiredin ya shige rabi tsawon ya zo daidai da awonka. Abin da mutane ke mantawa, kowane ti yana haɗiye wani yanki na fayif yana kuma ƙara nasa tsawon, don haka kada ka taɓa gam tukuna, harhaɗa komai a bushe ka kai cikin jirgi ka gwada, ka fito ka rage, ka koma, sai ya zauna daram sannan ka ja layi da alƙalamin maka a kan kowane haɗi don ka san yadda kowanne ya fuskanta. Gam ɗin nan ba ya jira, ka shafa ka tura ka murɗa zuwa layin, kafin ka ƙirga goma ya kama, in ya kama a karkace sai dai zarto.

Ti na uku shi za ka zura a doguwar ƙafa daidai gaban sandar tuƙi, bakinsa na kallon sama, ka sa gajeren fayif. A kansa ti na huɗu zai zauna, amma wannan sai ka tsaga shi biyu ta tsawo ya zama kwarya-kwaryar da sanda za ta kwanta a ciki, ka shimfiɗa tif a cikin, ka huda gefe biyu ka zura madauri ya zagayo sandar. Yi ƙoƙari ya kama sandar can sama kusa da mariƙi. In ka kama ta a gindi, ɗan sakin da bai kai komai ba a nan ƙasa zai zama babban kaɗawa a bakin elebeta. Lokacin da za ka yanke tsawon wannan ma sai wani ya riƙe maka elebeta da eliron a tsakiya. In sandar jirginka tana tsakiyar ƙafafun matuƙi kamar ta RV, doguwar ƙafar za ta ɗan goce gefe ta wuce ta, ba komai, matsar da ti ɗin gicciyen baya ya bi ta.

In ka dasa ta, murɗa tiredin da hannu kawai, ba da sifana ba. Abin da kake nema wayoyi su miƙe, ba wai su yi ƙara in an taɓa ba. Matsi fiye da kima yana wahalar da ƙahon rada da waldar fedoji, ka zo gyara ka ɓata. Sai ka fita ka je baya ka kama gefen rada da tafin hannu, a kan layin ribit, ka ɗan tura dama da hagu. Ɗan motsi kaɗan mai tauri ba laifi, waya dole ta ɗan ba da kai. In kuwa ka ji tana tafiya sannan ta tsaya da ƙwas, akwai saki a wani wuri, koma ka nemo shi.

Dalilin da ya sa na fifita wannan ba ƙarfinta ba ne, akwai waɗanda suka fi ta ƙarfi. Dalilin shi ne ba yadda za a yi ka zauna a kujerar nan ka sa ƙafa a feda tana wurin. Sakatar da aka manta ba a cire ba ta kashe mutane da yawa, kuma ba 'yan koyo ba. Ranar 30 ga Oktoba 1935 a filin Wright da ke Ohio, jirgin gwaji na Boeing Model 299, wanda daga baya ya zama jirgin yaƙi B-17, ya tashi da sakatarsa a kulle, ya ɗaga hanci ya faɗo, mutum biyu suka rasu ciki har da Manjo Ployer Hill da ke tuƙi, daga wannan hatsarin ne ma al'adar karanta takardar dubawa kafin tashi ta samo tushe. A watan Mayun 2014 wani jirgi ƙirar Gulfstream IV ya kasa barin ƙasa a Bedford ta jihar Massachusetts saboda wannan dalilin, mutum bakwai suka tafi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Dale Snodgrass a Lewiston ta Idaho a Yulin 2021, tsohon matuƙin jirgin yaƙi F-14 na sojan ruwan Amurka da ya yi dubban awoyi a sama, ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya, sakatarsa ta kulle sanda amma ta bar feda tana aiki, don haka ya tuƙa shi lafiya lau har bakin titin tashi ba abin da ya nuna masa akwai matsala, sai da taya ta bar ƙasa. Shi ya sa duk wadda za ka ƙera, ka tabbata ta hana ka ko da motsa jirgin daga inda yake. Cessna sun gane wannan tuntuni, tasu ɗan ƙarfe ne da ake zurawa a wuyan sitiyari amma sun maƙala masa faranti da ke rufe wajen makulli.

To amma ta ciki tana da iyakarta, gaskiya. Tana riƙe rada ne daga nesa, duk ƙarfin iskar sai ya bi ta ƙaho da wayoyi kafin ya iso inda aka tokare. In jirgi zai kwana a waje lokacin bazara ko farkon damina, lokacin da hadari ke haɗowa daga gabas holoƙo ya riga ruwa isowa, ni dai ina ganin a ƙara ta waje a kan rada. Ita ma ba wuya. Sami katako biyu marasa nauyi, faɗin yatsa uku ko huɗu, tsawonsu ya ɗan zarce daga gaban tsayayyen ɓangaren wutsiya zuwa bayan rada. Kafinta zai fere maka su cikin minti kaɗan. Manna soso mai tauri a cikin kowanne, irin na silifa ya fi na katifa don na katifa yana shan ruwa ya riƙe, ka haɗa bakunansu na gaba da guntun madauri ya zama hinji, ka rungumo wutsiyar da su ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a baya kuma ka ɗaure da madauri ko dogon noti mai kunne wanda ake murɗawa da yatsa. Sa ta ƙasa-ƙasa, sama kaɗan da wutsiyar kwance, inda rada ta fi faɗi, kuma ta hau kan layin ribit don a nan haƙarƙari yake a ciki. In ka matse a tsakanin haƙarƙari biyu fata ce zalla, za ka cire ka tarar da lotsawa. Kuma ka goge ƙura kafin ka ɗaura, ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin soso da fenti aikin samfefa take yi.

Wasu suna yin 'yar ƙarama, faifan filawud biyu da noti a tsakiya, su maƙala a can ƙololuwa inda kan rada ya haɗu da tsayayyen ɓangaren. Tana da sauƙin ɗauka amma ta riƙe kai ne ta bar gindi, iska mai ƙarfi sai ta murɗe radar. Akwai kuma masu lanƙwasa ƙarfen da ba ya tsatsa mai kaurin milimita 3 ya zama kamar harafin U, ƙafa ɗaya a ramin da suka huda a ƙahon rada ɗaya a matsayarta. Tana shiga aljihu, shi ne kawai abin yabonta a wajena. Tana kusa da hinji sosai don haka ƙarfin da ke sauka a kanta ninkin-ba-ninkin ne, tana iya miƙewa ta fice, sai an huda jirgi kafin a sa ta, ga ta 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin wutsiya inda ido ba ya kaiwa. In dai ka nace sai ita, tambayi kamfanin da ya yi kayan jirgin da injiniyan da ke sa hannu a littafinsa kafin ka ɗauki abin huda.

Duk abin da zai zauna a wajen jirgi sai ka shafe shi da jan fenti ka ɗaura masa jan ƙyalle mai tsawo, mita ɗaya ko fiye, wanda zai riƙa kaɗawa ana hango shi daga nesa. Ƙyalle kaɗai bai isa ba don rana na cinye launinsa ido kuma yana sabawa da shi. Dabarar da ta fi ita ce ka ɗaura doguwar igiya daga sakatar wutsiya ka jawo ta gefen jirgi har zuwa murfin ɗakin matuƙi ka ɗaure a mariƙinsa, yadda ba ka isa ka buɗe ka shiga ba sai ka kwance ta. Wasu kuma jaka suke ɗinkawa mai aljihu daidai yawan abubuwan da ake cirewa, makullin jirgi yana ciki, in aljihu ɗaya ya zama fanko to akwai abin da ya rage a jikin jirgi. Kowacce ka ɗauka, kafin ka hau titin tashi sai ka zagaya da sanda kusurwa huɗu har ƙarshe, ka taka feda dama da hagu har ƙarshe, kana leƙawa waje kana gani da idonka, sanda dama eliron na dama ya ɗaga. Ko da minti goma ka tsaya shan mai sai ka sake.

Sakata ba ta hana jirgi tashi daga inda aka ajiye shi, wannan aikin igiya ne. Ɗaure fukafukai biyu da wutsiya a ƙasa, sa waigi a tayoyi, in da hali ka juya hancinsa ya fuskanci inda iska ke fitowa, a ƙasar Hausa hadari galibi ta gabas yake zuwa. Ka kuma lura da inda ka faka, helikwafta da ke sauka kusa ko babban jirgi da ya juya maka baya ya ba da wuta suna iya yin ɓarnar da hadari bai yi ba.

In iska mai ƙarfi ta wuce jirgi na waje, ko da sakata a jiki, kada ka yarda da kallon nesa. A Maris 2017 wani jirgin fasinja MD-83 ya zarce ƙarshen titi a filin Willow Run na Michigan saboda iskar da ta buge shi yana fake ta maƙale masa elebeta ɗaya, matuƙan ba su da hanyar ganewa sai da suka ja sitiyari jirgi ya ƙi ɗagawa, Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Naka ƙarami ne, komai hannu na kaiwa, to bi hinji ɗaya-ɗaya ka girgiza, duba matsayar rada ko ta lanƙwashe ko ribit ɗinta ya saki, shafa fata da tafin hannu ka ji ko ta yi yamutsi kusa da ƙaho, ka duba inda wayoyi suka haɗu da ƙahon.

Ita ma sakatar sai ana dubata. Fayif ɗin roba ba ya shiri da rana, yana bushewa ya yi gautsi, zafi kuma in ya haura digiri 60 a ma'aunin Celsius yana sa shi laushi, ɗakin matuƙi mai murfin gilas da aka rufe a ranar Afrilu kuwa ba ƙaramin zafi yake tarawa ba. Rufa wa gilas ɗin mayafi in za ka bar jirgi a rana, ka shafa wa fayif ɗin fenti, lokaci-lokaci kuma ka ɗora doguwar ƙafar a gwiwa ka ɗan danna ka gani. In ta fara baushewa ko ka ga farin layi a bakin ti, yanke sabuwa, ko ka kai wa mai walda wannan ɗin a matsayin samfur ya buga maka irinta da fayif ɗin alminiyon.